Garken gado: a kora shi kara gaba ɗaya, ko a riƙa zarewa a hankali?

Bayan rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, ba abinda ya hana mu barci kamar maganar shanunsa. An raba gida an raba gonaki ba wanda ya ɗaga murya, amma da aka zo kan garke sai da muka shafe watanni muna zama muna tashi ba matsaya. Shanu 46 ne, yawancinsu farare, Bunaji, da 'yan Bokoloji guda biyar da ya taɓa sayowa daga wajen Sakkwato, kuma ba shanun turke ba ne irin wanda zaka saya yau ka sayar bayan wata huɗu, garken haihuwa ne, uwaye da 'ya'yansu da jikokinsu, akwai gidan saniya ɗaya da tun Baba yana saurayi zuriyarta take hannunsa. Mu kuma magada ba mai kiwo a cikinmu, ni ina birni, Yaya yana kasuwa, matan suna ɗakunansu. Kwanan nan wani abokina ya kira ni da irin wannan matsalar sak, nasu mahaifin yana raye amma ƙarfi ya ƙare, yaran da ke bin shanun sun tafi makaranta, yana tambayata a sayar duka a huta ko yaya. Na ce masa maganar ta fi ƙarfin waya, bari in zauna in rubuta yadda na ga kowace hanya.

Kafin ma a zo maganar hanya, akwai abinda in ba a yi shi ba duk hanyar da aka bi sai an yi rigima. Ba duk saniyar da ke kwana a garken mahaifinka ce tasa ba. Mu da muka zauna da Baffa makiyayinmu, bafulatanin da ya shekara ashirin da wani abu yana riƙe da shanun, sai da ya ware mana guda bakwai yace waɗannan ba na Alhaji ba ne, uku na Inna ne, asalinsu saniyar sadakinta ce ta yi ta haihuwa, biyu na wata gwaggonmu da ta ba da ajiya, biyu kuma nasa ne na ladan kiwo da bai cire ba. Da mun yi gaggawar kiran mota da mun sayar da dukiyar mutane. Bayan nan sai bashin mamaci da wasiyya in akwai, sai zakka in ta faɗo ba a fitar ba, kasan nisabin shanu 30 ne, ana ba da ɗan maraƙi tabi'i, in sun kai 40 a ba da mace musinna, a Malikiyya tabi'i shi ne wanda ya cika shekara biyu musinna kuma ta cika uku. In cikin magada akwai marayu ƙanana to kada wani yaya ko kawu ya yanke hukunci shi kaɗai, a je wajen malami ko alƙali a yi abin a rubuce. Wannan ba ɓata lokaci ba ne wallahi.

Sai abu na biyu, wanda shi ne ginshiƙin duk abinda zan faɗa. Garke ba kaya ɗaya ba ne, kaya ne kala-kala da aka haɗa a igiya ɗaya, kuma kowane kala da mai sayensa. Guzuma da haƙoranta suka zube, da juya wadda ta shekara uku huɗu ba ta ɗauki ciki ba, waɗannan na mahauta ne, nama kawai ake gani a jikinsu. Bajimai 'yan shekara biyu zuwa uku na masu turke ne da manoma masu neman shanun huɗa. Manyan maza masu tozo na 'yan Kurmi ne da masu layya da 'yan watanda. Amma karsana, da saniya mai ciki, da mai ɗa a ƙafa, waɗannan darajarsu ba a nauyin namansu take ba, a cikin mahaifarsu take, kuma mahauci ba zai taɓa biyanka kuɗin mahaifa ba, makiyayi ne kaɗai zai biya. Duk bambancin da ke tsakanin hanyoyin nan a nan yake, wace hanya ce zata kai kowace dabba gaban wanda ya san darajarta.

To hanya ta farko, wadda kowa yake fara kawowa, a kira mota a loda a kai kara, wato kasuwar shanu, ranar kasuwa. Muna da manyan kasuwanni masu iya haɗiye garke guda ba su ji ba, Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Dambatta da Mai'adua da Illela ranar Lahadi, ga kuma Potiskum wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma. Amfanin wannan hanya a fili yake kuma ban raina shi ba. A yini ɗaya magana ta ƙare, kuɗi sun zo dunƙule, kowane magaji ya ga abinda aka samu da idonsa, an cire wa Inna tumuninta an raba sauran, namiji rabon mace biyu, ba wanda zai zo bayan wata shida yace ina kuɗin saniya kaza. Daga ranar ka huta da kuɗin dusa da allura da ladan makiyayi, ka huta da wayar tsakar dare ta cewa an shiga gonar wani ko an kore shanu. In zumunci ya riga ya fara tsami wannan saurin kansa riba ne.

Amma fa kasuwa, a kai miki dole. Ranar da ka sauke shanu arba'in daga mota, kai baƙo, da takalmin birni a ƙafarka, kafin ka gama gaisawa duk kara an san shanun gado ne kuma an san ba zaka mayar da su gida ba tunda ka biya kuɗin mota ka sallami makiyayi. Tayin farko zai zo ƙasa, ka ce albarka, na biyu ya zo kusa da shi, ka ce albarka, sai a ƙyale ka da rana har la'asar, 'yan lodi sun fara cika tireloli, masu saye da gaske sun gama sun tafi, sai a dawo maka da tayin da bai kai na safe ba, kai kuma kana lissafin in suka yi kwantai ina zaka kwana da su, me zasu ci, wa zai yi gadi. A nan ake karya mutum. Kuma abin takaicin, a irin wannan cinikin na jumla ana yi wa dukkansu kuɗin nama ne, saniya mai cikin wata shida ta tafi a farashin wadda ba ta da komai, wani lokacin ma ta ƙare a mayanka a farka ciki a tarar da ɗa, duk wanda yake zuwa kwata ya san ana ganin wannan.

Mu mun ɗanɗana. Saboda bashin da ake bin Baba muka kwashi guda 11 muka kai wata kasuwa a watan Afrilu, tsakiyar bazara, ciyawa ta ƙare, dabbobi duk haƙarƙari a waje. Ba mu zaɓa ba, waɗanda suka fi saukin kamawa muka kama, ciki har da karsana uku da Baffa ya yi ta roƙonmu mu bari. Dillalin da muka samu ba mu san shi ba, ba mu yi maganar la'ada ba tun farko, ba mu tambayi wa zai biya kuɗin shiga da na rasit ba, sai da aka gama aka yi ta zare wannan ana zare wancan. Bayan damina Baffa ya ga ɗaya daga cikin karsanan a hannun wani, ta yi ƙiba ta haihu, ya dawo ya faɗa min, ni na san abinda na ji a raina ranar.

Hanya ta biyu ita ce a riƙa zarewa kashi-kashi, a ɗauki kamar shekara guda zuwa ɗaya da rabi, kowane kashi a fitar da shi a lokacinsa a kai wa mai sayensa. Ita na fi yarda da ita, amma bari in faɗi yadda take da kuma inda take ciwo.

Ana farawa ne da waɗanda ke ci ba sa bayarwa. Ka sa makiyayi ya tsaya a kan kowace saniya ya faɗa maka haihuwarta nawa, yaushe ta haihu na ƙarshe, ta taɓa ɓari ko a'a, tana da nono ko 'ya'yanta kullum a rame suke. Su sun san wannan kamar yadda ka san 'ya'yanka. Ka buɗe baki ka duba haƙori, mai manyan haƙora biyu yarinya ce, wadda ta cika takwas ta kai wajen shekara biyar, wadda nata suka side suka yi gajeru suka rabu ta gama zamaninta. In da hali ka kira likitan dabbobi ya sa hannu ya gaya maka masu ciki da marasa ciki, kuɗin da zaka ba shi bai kai komai ba a kan abinda zai hana ka asara. Tsofaffi da juya da masu yawan ɓari su zasu fara fita, kuma lokacinsu kaka ne, Oktoba zuwa Disamba, sun ci ɗanyar ciyawa wata huɗu sun shiga gonaki sun ci kara da harawa, jikinsu ya kai iya inda zai kai, ga 'yan Kurmi suna neman kaya saboda Kirsimeti da bukukuwan ƙarshen shekara. In ka bar guzuma ta sake shiga rani to ko dai ka ciyar da ita da kuɗin da ba zai dawo ba ko kuma wata safiya a ce maka ta kasa tashi an yanka.

Sai maza. A nan ne ake samun kuɗin da hanya ta farko take barin wa wasu. Bijimin da ka sayar a rame, wanda ya saya ba wani abu zai yi ba illa ya ɗaure shi a turke wata uku zuwa huɗu, ya ba shi maganin tsutsa da na hanta, ya cika shi da dusa da kowa da harawa da ɗan angurya da kanwa da ruwa isasshe, ya dawo da shi kasuwa ɗaya da ka sayar masa ya ci ribar da ta kamata ta zama taku. In akwai fili a gida da yaron da zai kula, ku yi da kanku. Sai dai a yi lissafi da biro, don dusa yanzu ba dusar da ba ce, in ba a sayi abincin tun da kaka aka ajiye ba, sayensa a bazara zai iya cinye ribar duka. Kuma a lura Babbar Sallah tana matsowa baya da kwana goma zuwa sha ɗaya duk shekara, a 2024 ta faɗo 16 ga Yuni, a 2025 kuma 6 ga Yuni, wato a shekarun nan tana zuwa ne daidai lokacin da shanun daji suka fi rama, to wanda ya turke shi kaɗai ne da mai ƙiba a kasuwa. Matsakaitan bajimai masu kyan ƙafa kuma kada a manta da manoma, gab da faɗuwar damina ake neman shanun huɗa, in kana da biyu masu kai ɗaya ka sayar da su tare, sun fi kuɗi a haɗe. Abu ɗaya don Allah, dabbar da aka yi wa allura a duba takardar maganin a ga kwana nawa ake jira kafin a yanka, mutane ne zasu ci.

Na ƙarshe su ne zuciyar garken, karsana da uwaye masu ƙarfi da bijimin barbara. Shi bijimin shi ne zai fita a ƙarshen ƙarshe, don muddin akwai mace a garken kana son ta tafi da ciki. Waɗannan ni a ganina ko kara bai kamata su taka ba in da hali, a sanar a rugage da ƙauyukan kusa, a gaya wa arɗo, a gaya wa masu gonakin kiwo da ke neman lafiyayyun Bunaji da Bokoloji don haɗa iri, su zo gida su gani da uwa da 'ya da jika a tsaye, wannan shi ne shaidar da babu ita a kasuwa, domin a kara mai saye yana tsoro ne, yana cewa in da lafiyarta me ya sa aka kawo ta, shi ya sa yake taya mace da rangwamen zargi. A gida kuwa ya ga asalinta. Farkon damina da kuma bayan girbi su ne lokutan, ɗaya ciyawa ta fito kowa yana da ƙarfin gwiwar ƙara dabba, ɗayan kuma kuɗin amfanin gona ya shigo hannu.

Yanzu inda wannan hanyar take ciwo. Duk watan da ka ƙara kana biya, ladan makiyayi, abinci, rigakafi, kuma kana ɗauke da kasada, ciwon huhu in ya shiga garke ba ya tambayar lissafinka, ga cutar boru, ga sammore in suna kiwo kusa da kurmi, ga cutar harbin daji da damina. Rigakafin wasu daga ciki ana yin su a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato kuma jihohi kan yi gangamin allura, to kada a ce tunda za a sayar ai ba sai an yi ba. Amma babban ciwon ba wannan ba ne, babban ciwon kuɗin da ke shigowa gutsi-gutsi. An sayar da uku yau, sai ga biki, an sayar da biyar wata mai zuwa, sai ga asibiti, sai wani yace a ba shi aro daga kasonsa, kafin shekara ta zagayo garke ya ƙare kuma ba wanda zai nuna maka abinda ya zama. Da yawa gidajen da suka bi wannan hanyar a nan suka faɗi, sun sayar da tsada amma sun tashi ba komai, gara ma wanda ya karyar a yini ɗaya ya sayi fili. Maganinsa asusu guda na banki wanda mutum biyu ko uku suke sa hannu, da littafi, kowace dabba da kamanninta da ranar da ta fita da wanda ya saya da shaidu, a riƙa tura wa kowa hoton rasit a WhatsApp har matan da ke nesa, musamman ma su, don su aka fi mantawa. In kun san gidanku ba zai iya wannan ba, ku faɗa wa kanku gaskiya ku koma hanya ta farko.

Akwai ta uku da ke tsakani, mutum ɗaya ya zo gida ya sayi garken dukansa. Ba kuɗin mota, ba wahalar hanya, shanun sun tafi tare ba a raba uwa da ɗa ba, wani lokacin har makiyayin ya ci gaba da aikinsa a hannun sabon mai su, kuma ga tsoho irin mahaifin abokina wannan ba ƙaramin sanyi ba ne a zuciya. Sai dai masu iya ajiye kuɗin shanu arba'in lokaci guda ba su da yawa, don haka ba gasa, shi kaɗai yake tayi, kuma kusan kullum maganar tana ƙarewa ne da a ba ku rabi yanzu sauran bayan wata kaza. Nan ne ramin. Shanu sun bar hannunka, sun haihu a can, wasu an sayar, kai kana bin bashi a wajen wanda ya fi ka ƙarfi. In za a yi haka, a kira mutum biyu ko uku da suka san kasuwa waɗanda ba su da alaƙa da mai sayen su yi wa kowace dabba kuɗi ɗai-ɗai kafin ya zo, a haɗa jimla, a san nawa ake rage masa don ya ɗauka duka. Kuma dabba ta fita daidai kuɗin da ya shigo, in rabi ya biya rabi zai kora. Alat kuma ba kuɗi ba ne, ka buɗe asusunka ka ga balas da idonka kafin a kwance igiya, alat na bogi ya cuci mutane da yawa.

Lodi zuwa Kudu ba zan daɗe a kai ba. Eh farashi a Legas da Ibadan da Lokpanta ta jihar Abiya ya fi na nan, amma wannan sana'ar wasu ce. Daga Kano zuwa Legas wajen kilomita dubu ne, kwanaki a tsaye cikin tirela, ga kuɗin gas, ga shingaye, dabba tana ramewa wata ta faɗi a taka ta, in ka isa kuma sai ta hannun mai masauki, kuma mahautan can da yawa bashi suke ɗauka sai sun sayar su biya. Ga manyan maza in kana da amintacce da ya saba hanya ka sa naka cikin lodinsa, to. Amma mace mai ciki ko mai shayarwa ba ta da abin yi a tirelar Kurmi.

Sai wadda mutane ba sa kawowa sai an gama, wato kada a sayar duka. A yi wa garken kuɗi, wanda yake son kasonsa a kuɗi a sayar da maza da tsofaffi a sallame shi, wanda yake son shanu ya riƙe mata. Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan, ka yi lissafin tsawon lokacin da ake ɗauka ana gina garke. Saniya wata tara take da ciki, amma a irin kiwonmu na daji karsana sau da yawa sai ta kai shekara huɗu ko ma biyar kafin haihuwar fari, kuma da yawansu shekara biyu-biyu suke haihuwa. A ce kana da uwaye ashirin, ka samu maruƙa goma a shekara, wasu su mutu, rabin sauran maza ne, kaga mata huɗu ko biyar kenan, su ma sai ka jira su shekara huɗu. Abinda ka sayar a yini ɗaya sai ka yi shekara goma sha baka mayar ba, kuma ko ka sayo wasu ba zasu zama irin waɗanda suka saba da ruwanku da ciyawarku da cututtukan yankinku ba. Ga kuma taki, wanda duk mai gona ya san abinda buhun takin zamani ya zama. Matsalar riƙewa ɗaya ce, amana. In ba mai zuwa ya duba, zaka yi ta jin ta mutu, ta ɓata, maciji ya sare ta. Fulani suna da tsarinsu na haɓɓanaye, a ba mutum saniya ya riƙe ta haihu ya ɗauki 'ya'yan ya dawo da uwar, a Nijar har ƙungiyoyin agaji sun ɗauki tsarin suna aiki da shi, amma wannan taimako ne tsakanin waɗanda suka san juna, ba hanyar neman riba ba ce. In za a bar shanu a hannun wani, a yi musu shaida, a ɗauki hoto, a rubuta ladansa, kuma wani daga gida ya riƙa zuwa ba tare da ya sanar ba.

Duk wannan dogon bayanin nawa yana rushewa a wuri ɗaya. In garkenku yana inda ɓarayin daji suke kai hari, wasu sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato, Birnin Gwari da makamantansu, ku manta da jiran kaka da jiran Sallah. Ko dai ku matsar da su can nesa yau, ko ku sayar a makon nan ko da an karya ku, domin rabin kuɗi ya fi babu, kuma garke a irin wuraren nan ba shanun kawai yake jawo wa ba, har mutanen gidan. Sannan kasuwar ma ba ta da tabbas, a 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina sun rufe kasuwannin dabbobi sun hana safararsu saboda tsaro, wanda yake cewa bari sai wata mai zuwa ya wayi gari ba inda zai kai. Haka farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, tsaba ta ɓace, mai tsabar kuɗi a hannu shi yake yanka farashin da ya ga dama. A ɗaya gefen kuma da Nijar ta hana fitar da dabbobi a watan Mayun 2025 gab da Sallah, kasuwannin bakin iyaka sun yi ƙarancin kaya, mai shanu a gida ya samu daraja. Haka in cuta ce ta shiga garken, nan ma ba jira, amma a kira likita kafin a kira dillali, kuma duk mai aibi a faɗi aibinta, wadda take ɓari kada a sayar wa makiyayi a matsayin ta haihuwa a kai masa bakkale, wato ciwon ɓari, cikin nasa garken, kada a ƙi tatsar saniya don hantsarta ta cika a ruɗi mai saye, Annabi (SAW) ya hana wannan ƙarara. Kuma ko ina za a kai su a tafi da takardar mai unguwa ko dagaci da shaidu, zamanin nan baƙo da shanu masu yawa abin tuhuma ne.

Tambayar da nake so abokina ya amsa kafin ya taɓa ko maraƙi ɗaya ita ce kuɗin ina zasu. Saniya tana bin tsadar rayuwa, in masara ta tashi ita ma zata tashi ko da a makare, naira kuwa a asusu narkewa take. Dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023, cikin 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen shekarar. Wanda ya sayar da garke a farkon 2023 ya ajiye kuɗin yana tunanin abinda zai yi, da ya tashi sayen abin kuɗin ba su kai ba. In fili ne, a nemo shi a duba takardunsa a yi ciniki tukuna. In jari ne na shago, a san wa zai zauna. Kuma kuɗin in sun kai nisabi suka shekara akwai zakkarsu, ɗaya cikin arba'in.

Mu dai daga ƙarshe haɗawa muka yi. Bayan waccan asarar ta Afrilu muka tsaya, da kaka muka fitar da tsofaffi, muka turke maza shida zuwa Sallah, mata huɗu masu 'ya'ya wani maƙwabcin rugar ya saya a gida ya biya lakadan. 'Yan'uwanmu mata uku da ƙaninmu suka karɓi nasu a kuɗi. Ni da Yaya muka bar kasonmu a mata tara da bijimi ɗaya, haɗe da na Inna, suna nan hannun Baffa, duk ƙarshen wata ɗayanmu yana zuwa ya ƙirga ya rubuta. Shi kuwa abokina nasu garken yana wajen da ake da kwanciyar hankali kuma tsohon yana raye, don haka na ce masa kada ya kira mota, ya fara zuwa ya zauna da Baban nasa da makiyayin a bakin garke da yamma lokacin da shanun suke dawowa, da littafi a hannunsa, su bi su ɗaya bayan ɗaya tsohon yana faɗin ta wane ce da haihuwarta nawa, tun yana iya tunawa.